Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi: Kira Ga Jama'ar Ƙasar Bagudo

Jama'ar Bagudo da Ka'oje, da Illo da Lolo, da Zagga da Kende, da Tsamiya da Bani, da dukan tungayen da ke bakin Kwara har zuwa iyakar Benin, wadda dattawa suka fi sani da Dahome. Wanda Allah ya ba ilmin karatu, don Allah ya ɗaga murya ya karanta wa wanda bai samu ba. A karanta wannan takarda a dandali bayan sallar lisha, a karanta ta a rumfar kasuwa, sa'an nan a shiga da ita cikin gida, domin rabin maganar da ke cikinta ta mata ce.

Zaɓe ya ƙarato. Kun soma ganin motoci masu lasifika suna ta da ƙura, kowa da alkawarin da ya ɗauko: rijiya, hanya, asibiti, taki. Mu ma muna da namu, suna nan a sauran shafuffukan wannan ɗan littafi. Amma wannan shafi na magana ɗaya ce tak, watau maganar ƙasa. Gonar da ka gada wurin mahaifinka, fadamar da kake dasa shinkafa, dajin da uwar 'ya'yanka take tsintar kaɗe, mashayar shanu, da ruwan da Basarke yake jefa taru. Nan da shekara 20, wa zai riƙa cin amfaninsu? 'Ya'yanka ne, ko kuwa wani wanda ko sunan garinku bai iya faɗa daidai ba?

IDON MASU KUƊI YA DAWO KANMU

An daɗe ana kiranmu mutanen ƙarshen ƙasa. Kakanninmu sun san ba haka ba ne. Ta Illo ayarin fatake suke bi zuwa Gwanja sayen goro, tun kafin Ingila da Faransa su zauna a 1898 su ja layi a bisa takarda, su raba 'yan uwa ɗaya gida biyu. To, yau ga shi duniya ta sake tunawa da mu, kuma ruwa ba ya tsami banza.

A watan Nuwamba na 2015 aka zo Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin rancen noman shinkafa na Babban Banki. Manyan injunan casa suka tashi a Argungu da Birnin Kebbi, fadama ta yi daraja irin wadda ba ta taɓa yi ba. A 2024 aka soma aikin babbar hanyar da za ta tashi daga Illela ta ratsa Jihar Kebbi har Badagiri, mai tsawon kilomita 1,068. An daɗe ana maganar kafa tashar sauke kaya a Lolo. Hanyar Tsamiya zuwa Segbana kuwa, duk ranar da manyan motoci suka yawaita a kanta, kowane fili na bakin titi ya zama na sito ko na tashar mota. A ƙasar Ka'oje an sami dutsen manganis, an haƙa shi wajen Daranna, kamar yadda aka haƙi zinariya a Yawuri da dutsen litiyam a Libata ta ƙasar Ngaski. Kaɗen da mata suke tsinta shi ne Turawa suke zubawa cikin cakulan da man shafawa.

Kada wani ya tafi ya ce jam'iyyarmu tana gaba da masu jari. Ƙarya ce. Muna son injin casa a ƙofar gida, muna son sito, muna son samarinmu su sami aiki a nan su bar kwana ƙarƙashin gada a Ikko. Wanda ya kawo kuɗinsa da injinsa ya cancanci riba. Abin da muke tambaya shi ne, wanda ya kawo ƙasarsa fa? Shi ba jari ya zuba ba?

GANI GA WANE

Ba tatsuniya za mu ba ku ba, tarihin jiya ne, akwai waɗanda suka gani da idonsu suna nan da rai.

An soma gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya tashi ya cinye garuruwa da gonaki da kaburbura tun daga tsohuwar Busa har ƙasar Yawuri. Fiye da mutum 40,000 aka tayar daga gidajensu. Wutar da aka samu ta haska Ikko da Kaduna, har ma tun 1976 aka ja layi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Amma ƙauyuka da yawa na bakin ruwan nan sun ga jikokinsu a hasken aci-bal-bal. Sai a 2010 aka yi dokar kafa hukumar HYPPADEC don ta kula da yankunan da madatsun wuta suka shafa, Jihar Kebbi na ciki, kuma bayan dokar sai da aka ƙara kusan shekara 10 kafin hukumar ta kama aiki. Ku lissafa da kanku: daga 1968 zuwa lokacin, shekara 50 da ɗoriya. Wanda aka tayar yana saurayi, in ya kai, ya kai da sanda.

Sa'an nan ga Bakolori, kusa da Talatar Mafara, lokacin muna Jihar Sakkwato ɗaya da su. Wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ya gina madatsar, aka gama ta a 1978. An karɓe gonakin mutane, an baje su da katafila, an hana su shuka shekara da shekaru, diyya kuma ta zama gafara sa, ba a ga ƙaho ba. Manoman da ke ƙasa da madatsar su ma suka rasa ambaliyar da ke jiƙa musu fadama. Da tura ta kai bango, manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 aka aiko 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta, aka ƙone gidaje, rayuka suka salwanta. Adadin da gwamnati ta faɗa daban, wanda mutanen wurin suka ƙirga daban, kuma nasu ya fi yawa nesa ba kusa ba. Allah ya jiƙansu.

Manoman Bakolori ba ruwan noman rani suka ƙi ba. An yanke shawara a kan gonakinsu ba tare da su ba, aka yi rabo ba a gabansu ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi.

ABIN DA DOKA TA CE, WANDA BA A GAYA MAKA

Nan ne muke so a natsu, mai karatu ya sassauta, in ta kama ya maimaita.

A watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, kuma har gobe ita ke aiki. Dokar ta ce dukan ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna, yana riƙe da ita amana saboda jama'a. Watau kai da ka gaji gona, a idon doka haƙƙin zama da mora kake da shi, kuma ta amince da wannan haƙƙi ko ba ka da takarda, muddin gonar noma ce da ake nomawa tun kafin dokar. Wannan abu ne mai kyau, ka riƙe shi, kada wani ɗan safiyo ya ce maka tun da ba ka da takarda ba ka da kome.

Amma fa dokar ta ba gwamna ikon karɓe fili in an ce don amfanin jama'a ne. Ƙaramar hukuma kuma tana iya ba mutum ɗaya ko kamfani ɗaya har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, ba sai ta nemi yardar gwamna ba. Hekta 500! Ku dubi gonakin garinku ku gani ko duka sun kai haka.

To, in an karɓe, me za a biya ka? Nan gizo ke saƙar. Ana biyan abin da ke bisa ƙasa ne: shukar da ke tsaye, itatuwan amfani, gini, rijiya. Ita kanta ƙasar, uwar abin duka, ba a yi mata kuɗi irin na kasuwa. Kuma ma'aikacin gwamnati ne yake yanke farashin. In ka ce bai ishe ka ba, doka ta ce a kai maganar gaban kwamitin rabon filaye, wanda shi gwamnan ne ya naɗa shi. Wanda ya karɓe, shi ya yi kuɗi, shi ya zaɓi masu sauraron kuka.

Bari mu yi misali. A ce kana da hekta ɗaya a fadama, kana samun buhu 40 na shanshera duk rani. Aka zo bayan ka yi girbi, ba kome a gonar sai kututture. Me za a ƙirga maka? Ko da an zo shuka na tsaye, kuɗin girbi ɗaya za a ba ka. Girbi ɗaya, a madadin na bana da na baɗi da na ɗanka da na jikanka. Kuɗin ya zo a dunƙule, ka sayi babur, ka aurar da 'ya, ka biya bashi. Bayan damina biyu babur ya tsufa, kai kuma kana ƙofar kamfani da sassafe kana jira a ɗauke ka ƙwadago a gonar da aka yanke maka cibiya.

Akwai kuma wani wuri a dokar da ya kamata kowa ya sani. In filin na al'umma ne, kamar hurumi ko daji, gwamna yana da zaɓi uku: ya sa a biya al'ummar, ko a ba shugabanta ya kashe don amfaninta, ko a zuba a wani asusu na musamman. Muna girmama iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, kuma da yawansu sun tsaya wa talakawansu tsayin daka. Saboda girman nan ne ma ba mu son a riƙa kiran uban ƙasa shi kaɗai cikin ɗaki a miƙa masa alkalami. Ranar da magana ta ɓaci, mai kamfani yana Abuja, ɗan siyasa ya sauka, shi uban ƙasa ne zai zauna da zargi har ƙarshen ransa.

Wannan doka an ɗinke ta cikin tsarin mulki, gyara ta sai an bi doguwar hanya irin ta gyaran tsarin mulkin kansa. Duk ɗan takarar da ya ce muku zai soke ta cikin wata uku, romon baka yake muku. Sai dai ba a bukatar soke ta kafin a yi adalci. Alkalamin yana hannun gwamna, kuma majalisar jiha tana iya yin dokar da za ta tsara yadda za a yi shawara da rabo kafin ya sa hannu. Ga dalilin da ya sa ƙuri'ar gwamna da ta ɗan majalisar jiha ta fi kusa da gonarka fiye da kowace ƙuri'a.

WAƊANDA BA A ƘIRGAWA

Ko an biya diyya tsakani da Allah, masu gona kaɗai ake rubutawa. To ina sauran?

Ke Inna, ke Yaya, da kike fita tun da asuba da ƙwarya lokacin zubar kaɗe, ki dafa, ki shanya, ki daka, ki fid da mai. Da kuɗin nan kike sayen sabulu da maganin zazzaɓi da kwanukan auren 'yarki. Ga ɗorawa, ga kalwa, ga daddawa, ga kuka da tsamiya. Ranar da katafila ta shiga dajin nan, sunanki ba ya cikin kowace takarda, domin wai dajin ba na kowa ba ne. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta hana fitar da ƙwarar kaɗe waje na wata 6, don a riƙa sarrafa ta a cikin gida. Niyyar ba laifi, mu ma muna son masana'antar man kaɗe a ƙasarmu. Amma farashi ya faɗi nan take, kuma asarar farko ta sauka a kan mai ƙwarya, wadda ba a tambaye ta ba.

Kai Ardo, tun 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Yau ina burtalolin? A ƙarshen 2019 ƙasar Benin ta hana garken ƙetare shiga ƙasarta, shanu suka taru a wannan gefe, wuri ya ƙara matsewa. In aka ba kamfani makiyaya aka zagaye ta da waya, saniya ba za ta daina cin ciyawa ba, gonar maƙwabci za ta faɗa. Gobe a ce rikicin manoma da makiyaya ne, alhali wanda ya haddasa shi yana can yana shan iska. Kuma a wannan zamani da 'yan bindiga irin su Lakurawa suke yawo a dazuzzukan bakin iyaka suna neman matasan da ransu ya ɓaci, duk wanda ya raba saurayi da gonar ubansa ko garken ubansa, ya sani itace yake ƙara wa wuta.

Haka Sarkawa da sauran masunta, in an datse ƙorama ko an zuba maganin feshi ya gangara tafki. Haka wanda yake noma gonar aro ko ta jingina shekara 30. Haka madobiyar da aka yi ta sarewa ana lodi zuwa ƙasar Sin, har sai da hukumar duniya mai kula da cinikin itatuwa da namun daji ta dakatar da sayenta daga Nijeriya a 2018. Wa ya ci kuɗin madobiya? Ba mai garin da aka bar wa kututture ba.

Malamanmu sun karantar da mu cewa ruwa da ciyawa da wuta jama'a sun yi tarayya a cikinsu. Malam Abdullahi na Gwandu, Allah ya ƙara masa yarda, littafi guda ya wallafa a kan hukuncin filaye, ya bayyana yadda ake mallakar fili ta hanyar raya shi, da matsayin hurumi. Ashe maganar nan ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gwandu.

LEƘA ƘETAREN IYAKA

Ku da kuke cin kasuwar Malanbil da Segbana, kuna da dangi can, ku tambaye su. A 2013 ƙasar Benin ta yi sabuwar dokar filaye. Ta ce ba mai mallakar fiye da hekta 1,000 na filin karkara, kome kuɗinsa, kuma gwargwadon girman filin da mutum zai saya, gwargwadon hukumar da za ta duba ta yarda, tun daga majalisar gunduma har majalisar ministoci. A gandun dajin Panjari da na W kuma, shekarun baya an kafa ƙungiyoyin ƙauyukan da ke kewaye da dajin, waɗanda ake kira AVIGREF, aka riƙa ba su kashi 30 cikin 100 na kuɗin da Turawa mafarauta suke biya, har da naman da aka harbo. Ba mu ce can aljanna ce ba. Makiyaya da manoman gefen dajin sun sha kuka da masu gadi, kuma da 'yan bindiga suka shiga dajin, baƙi suka ɗauke ƙafa. Abin lura dai shi ne an rubuta kason talaka da lamba, kowa ya san nawa ne, in bai zo ba ya san abin da zai tambaya.

Ba sai mun tafi nesa ba ma. A nan Nijeriya, dokar man fetur ta 2021 ta tilasta wa kamfani ya zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsa na shekara a asusun garuruwan da yake haƙar mai. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce kamfanin haƙar ma'adini ba zai soma aiki ba sai ya ƙulla yarjejeniyar raya gari da mutanen wurin, kuma a sake duba ta duk shekara 5. Jama'ar ƙasar Ka'oje, haƙƙinku ne ku tambaya a nuna muku irin wannan takarda, a karanta muku ita, ku ji abin da aka yi alkawari da sunanku. To, in mai haƙar mai yana da kason gari, mai haƙar dutse yana da takardar gari, don me mai karɓar fadama da daji zai wuce haka nan?

CINIKIN ISKA

Akwai wata sabuwar kasuwa da ta kunno kai, gara ku ji ta daga bakinmu. Masana'antun manyan ƙasashe suna fid da hayaƙi mai ɗumama duniya, abin da ke rikita damina, yau fari gobe ambaliya irin ta 2012 da 2020 da ta cinye mana shinkafa. Itace kuwa yana shanye wannan hayaƙi. Saboda haka kamfanonin can suna biyan kuɗi don a dasa itatuwa ko a bar daji a tsaye, a auna abin da ya shanye, a rubuta musu a takarda. Dillalai sun cika Afirka suna neman daji. Mutum zai zo da fara'a, ba zai sare kome ba, ba zai haƙa kome ba, sa hannu kawai yake so na shekara 30 ko 40. Sai bayan an sa hannu a ce ba kiwo, ba saran itacen girki, ba sabon sharar gona. Shi yana karɓar dala, ku kuna gadi kyauta.

Ƙasar Kenya ta yi doka a 2023 cewa irin wannan aiki, in a filin al'umma ne, kason jama'a ba zai kasa kashi 40 cikin 100 ba. Mu me zai hana? Ga kuma shirin ACReSAL na gyaran ƙasa da dashen itatuwa, wanda Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 dominsa a 2021, don jihohin Arewa 19 da Abuja. Rance ne, ba kyauta ba, da mu da 'ya'yanmu za mu biya. Wanda zai biya bashi, ai ya isa ya tambayi inda aka kashe shi.

ABIN DA MUKA ƊAURA NIYYA

In kun ba 'yan takararmu ƙuri'a, a shekarar farko za su kai wa majalisar jiha dokar rabon amfanin ƙasa. Jigonta shi ne haya, ban da sayarwa. Kamfanin da ke son fili mai yawa zai karɓe shi haya na shekarun da ba su wuce 25 ba, a sake zama duk shekara 5, kuma in ya bar filin ba aiki shekara 3, ya koma hannun masu shi. Kun san irin mutanen da ke karɓar fili su kai takardar banki su ci bashi, ko kara ɗaya ba su shuka ba.

Kafin a kafa turken safiyo ko ɗaya, sai an yi shela a kasuwa da masallatai da coci, an yi taro a fili da rana tsaka, an karanta yarjejeniya da Hausa, an fassara da Fulatanci da Dandanci da duk harshen da mutanen wurin suke ji. A rubuta ta da boko da ajami, a ajiye kwafi wurin uban ƙasa, da liman, da shugabar mata, da Ardo. Mata su yi nasu taron daban, domin mun san ba kowace ce za ta yi magana gaban surukinta ba. Gwamnati kuma ta biya lauyan da gari ya zaɓa da kansa, tun da kamfani da nasa lauyoyi yake zuwa.

Kuɗi kuwa iri biyu ne. Mai gona ya karɓi hayarsa duk shekara, a auna ta da buhun shinkafa ko na gero, ba da Naira ba. Wanda ya ga abin da Naira 1,000 take saye a 2015 da abin da take saye yau ba ya bukatar a yi masa bayani. Sa'an nan gari ya sami kaso daga cinikin kamfani, a zuba a asusun da mutum biyar za su sa wa hannu, cikinsu lalle da mace, da makiyayi, da masunci in garin bakin ruwa ne. Duk wata 6 a liƙa lissafi a bangon makaranta, a kuma karanta shi da baki ranar kasuwa. Mun ce daga ciniki, ba daga riba ba, domin akawun kamfani ya iya rubuta littafin da zai nuna shekara 10 ba a ci ribar kwabo ba. Buhun da ya fita ta ƙofa kuwa, yaro ma yana iya ƙirga shi. A cinikin iska ba za mu karɓi ƙasa da abin da Kenya ta rubuta ba.

Burtali, mashaya, maƙabarta da kurmin kaɗe da ɗorawa, za a auna su a sa musu alama tun yanzu, su fita daga cikin abin da ake bayarwa. Inda kamfani ya ba manoma iri da taki don su sayar masa da amfani, a yanke farashi a gaban shaidu kafin shuka, kuma ƙungiyar manoma ta sami nata sikelin kusa da nasa.

Za su ce muku wannan doka za ta kori masu jari. Ku tambaye su, wane irin mai jari? Mai niyyar zama shekara 25 ya fi kowa son takarda tsabtatacciya da maƙwabta masu farin ciki, domin ya san injin da ke tsakiyar mutane masu fushi ba ya kwana lafiya. Bakolori ta ishi kowane mai kuɗi darasi. Wanda zai gudu don an ce a karanta yarjejeniya a bainar jama'a, Allah ya raka taki gona. Za su kuma ce talaka bai iya riƙon asusu ba. Matan da suke riƙe adashi shekara da shekaru ba a ɓatar da sisi ba, su ne ba su iya lissafi ba?

RANAR ƘURI'A

Za a zo muku da taliya da sabulu da turmin atamfa, wataƙila da 'yan kuɗi a ambulan daren zaɓe. Ba mu ce ku yi faɗa da kowa ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu ya san aikin da ke jiransa, kuma mai raba taliya yau, a fadamarku yake niyyar fanshewa gobe.

Duk ɗan takarar da ya shigo garinku, har da namu, ku zaunar da shi a gaban dattawa ku tambaye shi: ka yarda da haya ko sayarwa? Nawa ne kason gari? Wa zai riƙe asusu? In ya amsa, a kawo takarda malamin makaranta ya rubuta, shi kuma ya sa hannu, liman ya ajiye. 'Yan takararmu an umurce su su sa hannu, wanda ya ƙi ku kawo ƙararsa ofishin jam'iyya na ƙaramar hukuma.

Ku tuna a 2023 an yi zaɓen shugaban ƙasa ran 25 ga Fabrairu, na gwamna da 'yan majalisar jiha ran 18 ga Maris, kuma a nan Kebbi ba a san gwamna ba sai da aka sake jefa ƙuri'a a waɗansu rumfuna ran 15 ga Afrilu. Wataƙila rumfar garinku ce za ta raba gardama wannan karo. Kada wanda ya fita zaɓen farko ya ce ya gaji ya zauna gida ranar na gwamna. Kowa ya nemo katinsa tun yanzu ya adana shi inda ruwa da gara ba za su taɓa ba. Magidanta su bar iyali su fita da wuri. Masu kwalekwale su taimaka wa mutanen tsibirai da tungaye, masu babur su ɗauko tsofaffi. In an gama jefawa kada a watse, a tsaya a ƙirga a gabanku, wakilinmu ya karɓi kwafin sakamako mai sa hannu, a kuma ga an liƙa shi a bango kafin kowa ya tafi gida.